Hayis ko kanta: wacce za ta zame mini ɗaki a kan hanya?

Tambaya: Oga, barka da aiki. Ni mai sayar da maganin dabbobi ne a Gombe. Kwana huɗu a mako ina waje, ina bin kasuwannin ƙauye da rugage ta wajen Dukku da Bajoga, wani lokacin har Darazo. Na gaji da kwanan tasha da shagon mutane. Na sayar da fili, ina so in sayi mota in gyara ta yadda ni da yarona za mu riƙa kwana a ciki, da ɗan firji saboda allurar rigakafi. Abokai sun rabu biyu, wasu sun ce Hiace, wato hayis, wasu sun ce Canter mai akwati, wato kanta. Wacce ka ga ta fi?

Amsa: Barka kadai, ƙanena, Allah ya sa albarka a nema. Ba zan ja maka rai ba: da ni ne kai, Hiace mai dogon rufi zan saya. Amma ka daure ka bi dalilan, domin akwai abubuwan da in suka canja a sana'arka, amsar ma juyawa za ta yi ta koma kan Canter.

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina aikin bodi da walda. Maigidan da ya koya mini aiki a Bauchi tsohon ma'aikacin Steyr ne, kamfanin nan da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 yana haɗa manyan motoci da taraktoci. Duk wanda ya kawo masa mota a yi mata wani gyara na daban, kafin ya ɗauki awo sai ya tambaye shi abu biyu: sau nawa za ta tashi a mako, kuma ina za ta kwana? Ni ma a kan waɗannan nake auna maganarka. Kai kullum a tafe kake. Yau wannan kasuwa, gobe waccan ruga, ranar biyar kana gida wajen iyali. Mai irin wannan yawo mota yake bukata wadda za a iya kwana a cikinta. Ita kuwa kanta mai akwati ɗaki ce da aka ɗora wa taya, daɗinta sai ga wanda zai kafa ta wuri ɗaya ya yi mako biyu ko uku bai motsa ba.

Bari in fara da abin da abokanka masu son kanta suka gani, don gaskiya suka gani. Filin ciki. Hiace ɗin da muke kira Homa, wadda Toyota ta fara fitarwa a 2004, in ka cire kujerun baya za ka samu tsawon kusan mita 3 a ƙaramar, kusan mita 3 da rabi a doguwar. Faɗi mita 1.5 zuwa 1.7. Tsayi ne matsalar: mai gajeren rufi kusan mita 1.3, mai dogon rufi kusan 1.6. Ma'ana namiji mai matsakaicin tsayi ba zai miƙe tsaye a ciki ba. Wando ma a zaune ko a sunkuye za ka sa shi, salla kuwa sai dai ka shimfiɗa darduma a waje. Akwatin kanta kuma ana samun mai tsawon mita 4 ko fiye, faɗi da tsayi wajen mita 2 kowanne, bangonsa a miƙe kamar na ɗaki. Kafinta na son wannan, domin gado da kabad duk a kusurwa suke zama ba sai an yi ta sassaƙa katako ana bin lanƙwasar bodi ba. A bas kuwa ga kumburin taya biyu sun cinye maka ƙasa, ga bango ya karkato daga sama. Aikin kwana uku a akwati yakan ci mako a hayis.

To amma ka tambayi kanka, awa nawa za ka yi a cikin ɗakin nan? Turawan da ake gani a intanet suna zaune cikin motocinsu a Amurka da Jamus, sanyi ne ya kora su ciki, shi ya sa suke cusa kicin da bayi da falo a wuri ɗaya. Mu zafi ke koro mu waje. Da rana kana ƙarƙashin rumfa kana ciniki, da magariba kana kan tabarma, abinci kuwa ga mai shayi ga mai tuwo a kowace kasuwa. Abin da kake nema a motar shi ne gado mai gidan sauro, ma'ajiyar kaya mai kulle, wuta, da ruwa. Tamfol mai mita 3 da sanduna biyu a gefen mota ya fi maka amfani a kan ƙarin mita ɗaya a ciki.

Yanzu ga abin da ya fi damuna da akwati, wanda masu sayar da mota ba sa ambata. Ƙofarsa daga waje ake kulle ta. An ƙera ta don kaya, kaya kuwa ba sa buɗe wa kansu ƙofa. Wani mai haƙa rijiyar burtsatse ya taɓa kawo mini kantarsa da sassafe, fuskarsa ba daɗi. Ashe a daren da ya gabata, cikin watan Afrilu, ya shiga akwatin ya kwanta, yaronsa ya ga ƙofa tana lilo, ya tura ta ya ja sandar kulle don kada awaki su shiga, ya tafi wajen mai shayi ya biye wa hira. Mutumin ya farka jiƙe sharkaf, numfashi na yi masa wuya, waya kuma tana gaba a kan kujerar direba. Da sifana ya yi ta dukan bango har wani mai gadi ya ji. Ya nuna mini tafin hannunsa duk ya yi ja. Ranar ban taɓa masa komai ba sai da na yanka ƙofa a gefen dama, na sa mata sakata ta ciki, na buɗe taga biyu masu fuskantar juna. Duk wanda zai kwana a akwati, wannan ne aikin farko, kafin gado, kafin fenti.

Ko an yi ƙofar gefen, wata matsalar tana nan. Tsakanin akwati da wurin direba babu hanya. A Canter da Dyna da Isuzu masu wannan girma, yawanci kan motar kifawa ake yi gaba idan za a duba injin, kuma akwatin da kan kowanne motsinsa daban a kan ƙashin mota. In ka huda su ka haɗa, dole ka sa roba mai naɗewa a tsakani wadda za a cire duk lokacin da makanike zai ɗaga kai, kuma damina ɗaya ta isa ta fara yoyo. Saboda haka in cikin dare ka ji motsin da bai kwanta maka ba, sai ka buɗe ƙofa, ka sauko ƙasa, ka zagaya, ka hau gaba, sannan ka tayar. A hayis daga kan gado za ka tsallaka kujera ka murɗa makulli, ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. Kai da kake kwana da kuɗin ciniki a jikinka, kuma kowa a kasuwar ya ga abin da ka sayar, wannan kaɗai ya isa ya raba gardama. Ƙari a kan haka, bas a bakin tasha ba mai kallonta sau biyu. Rufaffen akwati kuwa kowa na son sanin abin da ke ciki, daga ɓarawo har jami'in da ke shingen bincike har masu karɓar haraji a hanya. Za ka buɗe ƙofar bayan nan sau da yawa a rana, kana bayanin dalilin da ya sa akwai katifa a motar kaya.

Tunda mun zo nan, wata shawara da ba ta shafi ƙarfe ba. Duk garin da za ka kwana, ka fara zuwa ka gaida mai unguwa ko sarkin kasuwa, ka faɗi sunanka da sana'arka, ka nemi a nuna maka inda za ka ajiye mota. A zamanin nan baƙon da ya kwana a rufaffiyar mota a bayan gari ba tare da sanin kowa ba, shi ya jawo wa kansa zargi.

Sai hanya. Daga Gombe zuwa Dukku ko Bajoga kwalta ce, kowacce a cikinsu za ta je. Daga inda kwalta ta ƙare ne ake gane bambanci. Kanta ta fi tsayi daga ƙasa, sifirin ɗinta ya fi ƙarfi, ba ta tsoron rami. Hayis ƙasa-ƙasa take, kuma da tayoyin baya take ja, in bayan ba nauyi sai ta yi ta tono a yashi. Da jin haka sai ka ce kanta ta ci. Amma ka tuna baƙar lakar nan ta ƙasar Gombe a watan Agusta. Duka biyun za su kafe, babu wadda ta fi ƙarfinta. Hayis in ta kafe, samari bakwai daga ruga da katako biyu sun fitar da ita kafin la'asar. Kanta da akwati da kaya in ta nutse har gindi, sai an nemo tarakta, kuma mai tarakta ya san ba ka da zaɓi. Ga tsayi: akwati da sola a samansa yana kai mita 3. Rassan dogon yaro a bakin kasuwa, wayoyin wuta da suka sauko a lungu, rumfunan 'yan tireda, ƙofar gidanka ma kanta. Ka auna ƙofar gidan kafin ka sayi kowace mota. Na san wanda sai da ya rushe ginshiƙi.

Maganar mai ba ta da tsawo. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tsohon lissafin nan na cewa mai fetur ta fi sauƙi ya rushe, man gas kuwa, wato dizal, dama an daɗe da sakinsa ga kasuwa. A abin da nake gani wajen masu kawo mini aiki, Homa mai injin fetur 2.7 tana cin lita ɗaya a kilomita 7 zuwa 9 in da kaya, kanta kuma ba ta cika wuce 6 zuwa 8 ba a litar gas. Tazarar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Inda kanta ke cin kuɗi shi ne taya shida maimakon huɗu, yawanci batir biyu, bakin mai mai yawa, da takardu. Lasisin aji B na motar da nauyinta da kayanta bai kai tan 3 ba ne, yawancin kantoci kuwa sun haura haka, sai ka ɗaga lasisinka. Inshorar dole ma tun Janairun 2023 ta motar gida ta koma naira 15,000, ta manyan motocin dakon kaya naira 100,000, don haka ka tambayi rukunin da za a sa motar kafin ka biya kuɗinta.

Gyara kuwa, duk garin da ke da tasha akwai makaniken da ya san cikin hayis kamar yunwar cikinsa, kayanta kuma in babu a Gombe akwai a Kano, kwana ɗaya sun iso. Tsofaffin injinan Canter irin su 4D32 da 4D34 su ma an san su, suna da juriya, sai dai mai gyaran famfon gas da nozul na ƙwarai ba a kowane gari yake ba. Wani zai ce maka ga Sprinter, bas ce kuma ana tsayawa a cikinta, mai dogon rufin tana ba da wajen mita 1.9. Haka ne, kuma a ido ita ce ta haɗa daɗin biyun. Amma ranar da wutar kwamfutarta ta kama a bayan Nafada za ka gane kurenka. Ga mai yawon birni zuwa birni ina yaba ta. Ga mai bin ruga, a'a.

In ka je duba mota, ko wacce ce, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motocin Japan kuwa sitiyarinsu a dama yake, don haka da yawa daga cikin 'yan Kwatano juya musu shi aka yi. Akwai juyin da aka yi da kayan asali, akwai wanda aka yanka sanda aka haɗa da walda. In ka ga tabon walda a sandar sitiyari ko an ƙara bututun birki da guntaye, ka yi sallama ka tafi, komai arahar. Ka kuma guji hayis ɗin da ta gama wahala a layin haya. Ka ɗaga ledar ƙasa ka duba tsatsa, ka duba ƙofar gefe ko tana gudu a layinta ba sai an ɗaga ta da kafaɗa ba.

Zafi shi ne babban abokin gabarka, kuma a nan duka biyun tanda ne in ba a yi musu aiki ba. A Maris da Afrilu Gombe tana kai digiri 40, ƙarfen rufi kuwa ya wuce haka nesa. Farar mota za ka saya. A liƙa soso mai tauri kaurin santimita 5 a rufi da bango, a rufe da siririn katako. A huda rufi a sa fanka mai zuƙo iska waje, a bar kafa ta ƙasa mai ragar sauro inda sabuwar iska za ta shigo, don fanka ba ta fitar da iska in babu ta inda wata za ta maye gurbinta. Solar kuma kada a manna ta da rufi, a ɗaga ta kamar faɗin tafin hannu, sai ta zame maka laima. Hayis tana da nata ƙarin zafin: injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, in ka tsaya da yamma yakan ɗauki awanni yana huci, saboda haka gadon ya koma can baya. Gilasanta ma suna shigo da rana. Labule mai kauri ya wadatar, don baƙin gilashi sai da izinin 'yan sanda. A wannan fannin akwati ya fi sauƙin gyara, musamman in ka dace da na tsohuwar motar kifi ko kaji, wanda dama da abin tare zafi aka ƙera bangonsa. Ƙarnin ne sai ka yi wata kana wanki.

Wuta ba ta da wuyar lissafi. Ƙaramin firji mai aiki da batir yana jan wat 40 zuwa 60 lokacin da yake aiki, a zafinmu ka ɗauka zai ci wajen wat-awa 600 (wato wat sau awannin aiki) a yini da kwana. Fanka mai wat 20 ta awa goma, 200. Fitila da cajin waya, 100. Ka kusa 1,000 ke nan. Sola ɗaya mai wat 400 tana biyan wannan har da rara a rana mai kyau, in kana goge mata ƙura lokacin hunturu, kuma tana zama daidai a rufin hayis. Na'urar sanyaya ɗaki dai ka cire ta a ranka, abin da za ta sha a dare ɗaya ya ninka duk wannan sau biyar. Yawancin allurar rigakafi tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, ba ta son ƙanƙara, don haka ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka jefa a firjin, kuma firjin ya samu nasa layin daga batir, kada yaro ya jona masa caja.

Nauyi ne inda nake ganin masu bas suna cutar kansu. Hiace kayan da take ɗauka bai wuce tan ɗaya da ɗan kai ba, har da mutanen ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka huɗu masu lita 25 kilo 100 ke nan. Batir mai ruwa mai ƙarfin 200Ah yana kai kilo 60, biyu 120. Katako da katifa da sola da firji, ka sa 200. Kai da yaronka 130. Ka haura rabin tan ba ka ɗora kwalin magani ko ɗaya ba. Shi ya sa nake cewa a yi gado da siririn bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ƙarƙashinsa ya zama ma'ajiya, a ɗaure komai da noti a ƙasan mota, in da hali a sayi batirin litiyam wanda bai kai rabin nauyin wancan ba. Kujerun da ka cire kuma ka adana su a gida. Ranar da ka gaji da yawo, cikin yini ɗaya za a mayar da su, ka sa ta haya ko ka sayar, masu nema suna nan.

Abu uku ba sa shiga inda ake kwana, a bas ko a akwati: janareto mai aiki, kaskon gawayi, da tukunyar gas. Hayaƙin biyun farko ba ya wari yadda za ka farka, barci kawai zai yi nauyi. Mun sha jin gidan da aka wayi gari an rasa mutane saboda janareto a cikin ɗaki, balle mota da ba ta kai rabin ɗaki ba. Gas ɗin girki kuma ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, daidai inda katifarka take. A yi masa keji a waje.

Kai kana da na huɗu, kuma shi ne abu na farko da zai iya juya amsata. Maganin kaska da sauran magungunan feshi guba ne, a zafi kuma suna tashi ko da murfinsu a rufe. In abin da kake ɗauka kwali biyu ne ko uku, zan ƙera maka akwatin ƙarfe mai kulle a kan kariyar rufi ko a jikin ƙofar baya ta waje, magana ta ƙare. In kuwa jarkoki kake lodi, da buhunan gishirin dabbobi da dusa, har kayan suna haura rabin tan a kowace fita, to hayis ta yi maka kaɗan. Nan sai ƙaramar Dyna ko Canter, a raba akwatin biyu da bangon ƙarfe wanda ba kafa ko ɗaya, kaya ta ƙofar baya, ɗaki ta ƙofar gefe. Na biyu shi ne in zamanka ya canja, ka koma kafa sansani wuri guda, kamar masu noman rani a Dadin Kowa ko masu burtsatse da ke yin mako uku a gari ɗaya. Su kanta nake ba su shawara ba tare da jinkiri ba, har ma da wata fa'ida: in injin ya mutu murus, ana kwance akwatin a ɗora wa wata motar, ko a sauke shi a kan bulo ya zama shago. Iyali dai kada a ɗauke su a cikin akwati mota na tafiya, wurin zama uku ne kawai a gaba.

Kafin ka kai kuɗin filin nan wajen dillali, ka nemi wani direban hayis da kuka saba, ka biya shi kuɗin kwana biyu, ku cire kujerun baya, ka jefa katifa da gidan sauro da kayanka yadda ka saba lodi, ku yi zagayenka na Dukku. Ka kwana a ciki kai da yaron, ƙofa a rufe. In kun dawo ka zo gareji da awon katifar da jerin abin da ya takura maka, sai mu zana a ƙasa da alli mu ga inda gado zai zauna.